Za mu hau dutsen Kedarkantha cikin sanyin Janairu: me ya kamata ayarinmu ya sani?

Baƙon Noida:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mu ɗalibai ne 'yan Najeriya da ke karatu a Greater Noida, kusa da Delhi, kuma mun yanke shawarar mu tafi jihar Uttarakhand a wannan hutun hunturu domin mu hau dutsen Kedarkantha, wanda abokan karatunmu Indiyawa suke cewa yana cikin duwatsun da suka fi dacewa da wanda bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Ayarin ya haɗa maza da mata, babu kuma wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa a cikinmu. Ni aka ɗora wa nauyin shirya tafiyar, shi ya sa nake son in ji daga bakin waɗanda suka san hanyar kafin mu biya kuɗi. Kamfanonin da ke kai mutane sun turo mana farashi mabambanta, na wani har ya ninka na wani, kuma kowannensu yana cewa tafiyar ba ta da wahala. Yaya hanyar take a zahiri, wane kaya ne ba za a yi ba tare da shi ba, kuma yaya ake yi da alwala da sallah a irin wannan sanyi?

Tsohon Ɗalibin Dehradun:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na hau wannan dutse lokacin da nake karatu a can, kuma zan gaya maka abin da na gani. Wahalar farko ba a kan dutse take ba, a cikin mota take. Daga birnin Dehradun da ke jihar ta Uttarakhand zuwa ƙauyen Sankri, inda ake fara tafiyar ƙasa, kimanin kilomita 200 ne, amma motar tana cinye awa takwas zuwa goma saboda hanyar tana ta lanƙwasa a gefen tsaunuka, ta Mussoorie da Purola da Mori, sannan ta bi gaɓar kogin Tons. Duk wanda mota ke sa shi amai ya zauna a gaba, ya kuma rage cin abinci mai nauyi da safe. Ku ciri kuɗi a hannu tun daga Dehradun, ku kuma sanar da iyayenku cewa za ku yi kwanaki ba a samunku a waya, domin sabis yana raguwa tun kafin a isa Sankri, a kan dutse kuwa ba abin dogaro ba ne.

Sankri tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,950. Daga nan ake shiga gandun dajin Govind Pashu Vihar, wanda hukuma ke karewa tun 1955, don haka sai da takardar izini, kuma baƙi 'yan ƙasar waje suna bukatar kwafin fasfo da biza. Zangon farko shi ne wani ƙaramin tafki mai suna Juda ka Talab, a kimanin mita 2,700, wanda yakan daskare a tsakiyar hunturu. Hanyar zuwa can tana ratsa kurmin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, kuma a nan ne za ku fi jin daɗin tafiyar, domin itatuwan suna tare iska, ga kuma shiru irin wanda dusar ƙanƙara ke kawowa. Zango na biyu yana kimanin mita 3,400, inda itatuwa suka fara ƙarewa. Daga nan ake tashi cikin dare, wajen ƙarfe uku, da fitilar goshi, domin a kai ƙololuwar dutsen, mita 3,800, daidai fitowar rana, a kuma sauko kafin rana ta sassauta ƙanƙarar ta yi santsi. Daga sama ana hango manyan tsaunukan Swargarohini da Bandarpoonch. Akwai ɗan wurin bautar Hindu a can saman, kuma mutanen yankin suna girmama shi, don haka a kiyaye kada wani ya hau kansa don ɗaukar hoto. Tafiyar ƙasa duka, daga Sankri zuwa da dawowa, kimanin kilomita 20 ce cikin kwana huɗu.

Game da kaya, dokar da ta fi kowace ita ce a guji auduga a jikin fata. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, kuma da zarar mutum ya tsaya hutawa, wannan jiƙaƙƙiyar riga ce za ta zuƙe masa ɗumin jiki. A sa rigar ciki ta ulu ko ta yadin roba, a ɗora suwaita, sannan jaket mai hana iska da ruwa, ta yadda za a iya cire ɗaya idan an fara gumi a hawa, a mayar idan an tsaya. Takalmi ya zama mai rufe idon sawu, mara shan ruwa, kuma a fara yawo da shi tun a Noida kafin ranar tafiya. Ana samun hayar jaket da takalmi da sandar tafiya a Sankri. Ku tabbatar kamfanin zai ba ku ƙarafunan nan masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, da abin rufe ƙwauri wanda ke hana ƙanƙara shiga cikin safa. Baƙin tabarau wajibi ne, domin sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, kuma yana iya ƙona ido har mutum ya kasa buɗe shi. Waya da batir a kwana da su cikin jakar barci, in ba haka ba sanyi zai shanye cajin.

Ɗalibar Likitanci:

Ɗan'uwa, Yayanmu ya yi bayanin hanya yadda ya kamata, ni kuma ina so in tsaya a kan abin da kamfanonin nan da wuya su tambaye ku, saboda ba su saba da shi a cikin mutanen da suke kaiwa ba. Kafin kowa ya biya kuɗi, ya san rukunin jininsa na sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. A mita 3,800, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta wuce kimanin kashi biyu cikin uku na wadda yake samu a bakin teku ba, kuma ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa da aikin ƙarfi su ne ainihin abubuwan da ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. Duk abubuwan nan huɗu suna haɗuwa a daren hawan ƙololuwa. Mai SS ko SC kada ya yi wannan tafiya sam, kuma ina faɗin haka ne da tausayi, domin na san yadda yake da zafi a bar mutum a baya. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kan tudu mai tsawo jini yana iya toshewa a saifarsa, alamar kuwa ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya kai kafaɗar hagu. Wanda ya ji haka ba hutawa zai yi a tanti ba, saukar da shi za a yi a kai shi asibiti.

Sai ciwon tudu, wanda ke iya kama kowa daga mita 2,500 zuwa sama, kuma ƙarfin jiki ko ƙuruciya ba sa kare mutum daga gare shi. Yana farawa da ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci da rashin barci. Ƙa'idar likitocin tsaunuka ita ce bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana, kuma ka ga yadda wannan tafiya ke ɗaga mutum daga Dehradun, wadda ba ta kai mita 700 ba, zuwa mita 3,400 cikin kwana uku. Mai ciwon kai kada ya ƙara hawa sai ya warware. Wanda ya fara tangaɗi, ko magana ta ruɗe masa, ko yake haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take ko da cikin dare ne. Akwai maganin da ake kira Diamox da ke taimakawa, amma likita ne zai rubuta shi bayan ya duba mutum.

Abu na ƙarshe shi ne daskarewar yatsu. A fatarmu ba lallai a ga ja ba; wurin yakan yi toka-toka ya yi tauri, mutum ya daina jinsa. Kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta, a ɗumama shi a hammata ko a ruwa mai ɗumi kaɗan. Kuma kada wanda ya kunna risho ko gawayi a cikin rufaffen tanti, domin iskar da ke fita daga gare su tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Baƙon Noida:

Na gode ƙwarai, Yaya da 'yar'uwa. Na tambayi 'yan ayarin, an samu ɗaya AS, wasu kuma ba su taɓa yin gwajin ba, za su yi a makon nan insha Allahu. Abin da ke damuna yanzu shi ne idan wani ya gaza a tsakiyar hanya. Wasu daga cikinmu suna ganin sauran su ci gaba tunda kowa ya biya kuɗinsa, shi kuma ya jira a zango.

Malamin Jami'a a Aligarh:

Ɗana, wannan tambayar taka ita ce ta fi muhimmanci a duk abin da aka tattauna, kuma ina roƙonku ku yanke hukunci a kanta kuna zaune a ɗakinku na Noida, domin a kan dutse, ga gajiya ga ƙololuwa a gaban ido, ba kowa ke iya yin tunani daidai ba. Wanda ya gaji kawai, hankalinsa daidai, yana ci yana sha, babu laifi ya zauna a zango tare da ma'aikatan kamfanin da wani ɗan'uwansa guda. Wanda ba shi da lafiya kuwa ba a barinsa shi kaɗai a tanti, kuma ba a tura shi ya sauka shi kaɗai. Sanyi idan ya ci jikin mutum, har zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35, hankali ne yake fara taɓawa, shi ya sa za ka ji yana cewa lafiyarsa lau alhali yana tuntuɓe yana kasa zuge jaket ɗinsa. Saboda haka ku kasa kanku biyu-biyu, kowa da wanda yake lura da shi, mace da 'yar'uwarta, ku sa mafi rauni a gaba kusa da ɗan jagora domin tafiyar ta bi ƙarfinsa, ku kuma sa mai ƙarfi da haƙuri a ƙarshen layi.

Da wannan ma'auni za ka auna kamfanonin da suka turo maka farashi. Ka tambaye su 'yan jagora nawa za su bi ayarinku, domin idan ɗaya ne tak, ranar da ya sauko da mara lafiya sauran sun zama marasa madugu. Ka tambaya ko suna ɗauke da tukunyar oksijin da na'urar auna shi a yatsa, da yadda suke sauko da wanda ya kasa tafiya, da kuma ko jagoran ya yi horo a wata makarantar hawan dutse da aka sani, irin ta Nehru da ke garin Uttarkashi, wadda aka kafa a 1965. Ku amince tun yanzu cewa idan jagora ya ce a juya, an juya, babu gardama. Dusar ƙanƙarar wannan yanki guguwa ce ke kawo ta daga yamma, tun daga wajen Bahar Rum, kuma takan rufe hanya cikin ɗan lokaci. A watan Yunin 2024, a hanyar tafkin Sahastra Tal da ke wannan jiha, guguwa ta rutsa da ayarin mutum 22 suna dawowa, tara suka rasu. Waccan hanyar ta fi taku tsawo da wuya nesa ba kusa ba, amma abin ya faru ne a lokacin zafi, ku kuwa a tsakiyar hunturu za ku je.

Batun sallah da sauƙi. Ku matafiya ne, kuna da kasaru. Ma'aikatan zango suna dafa ruwa safe da yamma, sai kowa ya cika filas ɗinsa, ya yi alwala da ruwan ɗumi a bakin tanti, ya goge gaɓoɓinsa su bushe sarai kafin ya mayar da safa. Inda aka ji tsoron ruwa zai cutar, taimama ta halatta, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya sun ambaci ƙanƙara cikin abin da ake taimama da shi idan babu halin narkar da ita. Asuba za ta same ku a kan hanyar ƙololuwa, don haka ku gaya wa jagora tun da dare domin ya zaɓa muku wuri mai faɗi da iska ba ta bugunsa. Abincin zango shinkafa ce da miyar wake da gurasa da ganye, galibi babu nama, don haka ba ku da damuwa ta wannan fuska, sai dai ku riƙe dabino da gyaɗa a aljihu.

Tsohon Ɗalibin Dehradun:

Ina goyon bayan Malam a kan duk abin da ya faɗa, sai dai zan ƙara magana a kan lokaci. Ku kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara, domin a lokacin ne jama'a ke cika hanyar, tantuna su yi yawa a kowane zango, ƙafafu su tattake ƙanƙarar ta koma santsi kamar gilashi, jagora kuma ya kasa sanin nasa a cikin na wasu. Sannan ba kowace shekara dusar ke sauka da wuri ba. A hunturun 2023 zuwa 2024 yawancin tsaunukan yammacin Himalaya sun zauna a bushe har kusan ƙarshen Janairu. Idan hutunku ya ba da dama, ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu ya fi, kuma ku bar kwana ɗaya rara tsakanin saukowarku Sankri da tikitin jirgin ƙasan komawa Delhi, saboda idan dusa ta sauka da yawa motoci sukan makara a hanyar Dehradun.