Yaya zan sa ƙaramar DAF ɗina ta yi kama da motar da ta sha hanya?

Ɗan Mai Albasa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan harka.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, direban tirela ne. Shekara da shekaru yana lodin albasa daga Aliero, ya bi ta Yawuri da Kwantagora da Mokwa, ya haye gadar Jebba, sai kasuwar Mile 12 a Legas. DAF yake ja, mai shuɗin kai. Hotonta ɗaya tak ya rage mana, shi ma ruwa ya fara cin gefensa.

Bara wani abokina da ke karatu a waje ya zo min da kwalin Italeri, irin ƙananan motocin roban nan da ake haɗawa gunduwa-gunduwa. Awonta 1:24 ne, wato kowane santimita 24 na babbar mota ya dawo santimita 1. Kan mota ne kawai a kwalin, don haka bodin baya ni na ƙera da sandunan askirim da tsinken tsire, tsawonsa santimita 50, faɗinsa 10 da 'yan kai. Wata uku ina yi bayan sallar isha'i.

Matsalata ita ce motar tana ƙyalli kamar yau ta fito daga kamfani, ni kuwa ban taɓa ganin motar Baba a haka ba. Sai na ɗebo jar ƙasa na kwaɓa da gam na shafe ta. Ta koma kamar an tsoma ta a kwaɓin gini. Na wanke da ruwan ɗumi, akasari ya fita. Gilashin gaba kuma ya yi fari fat tun ranar da na manna shi da sufa gulu. Ta ina zan faro?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Na bi wannan hanya sama da shekara ashirin, wataƙila ma mun taɓa shan shayi a tebur ɗaya a Mokwa.

Ni ban san harkar fenti ba, jikana ne ya nuna min tambayarka. Amma na san inda datti yake zama a jikin mota, kuma ba ko'ina yake zama daidai ba. Taya ce ke watsa laka, saboda haka ƙasan mota da bayan kowace taya su ne suka fi ja. Kana hawa sama tana raguwa. Rufin kai ba laka, rana ce ta cinye shi, shuɗin ya koɗe ya yi fari-fari.

Ka duba ƙofar direba. Wurin da hannu ke kamawa a hau, fenti ya goge, ƙarfe yana sheƙi. Matakala ma haka, takalmi ya cinye tsakiyarta. A saman ƙofa inda muke ɗora gwiwar hannu akwai wani baƙi-baƙi na gumi. Gefen yaron mota bai kai haka ba.

Tankin gas kuwa kullum akwai zirin jiƙa daga murfi zuwa ƙasa, ƙura ta manne a kai ta yi duhu. Kusa da salansa hayaƙi ya yi baƙi. Inda ake haɗa kai da bodi giris ne dam, baƙi mai maiƙo. Gilashin gaba duk ƙura, sai wurin da abin share gilashi yake bi, nan ne kawai fes.

Kuma kada ka manta da kayanmu. Jarkar ruwa a rataye, buta, tabarmar sallah a naɗe a bayan kai, waigi na katako da yaro ke sa wa taya in an tsaya a gangara. Ka tambayi mahaifiyarka me aka rubuta a bayan bodin. Ba direban da ke barin wurin nan fili.

Mai Fentin Sabon Gari:

Baba Direba ya ba ka taswira, bari ni in ba ka kayan aiki. Na haɗa irin waɗannan guda shida, na Italeri da na Revell, kuma duk kuskuren da ka yi na yi shi.

Ƙasar da ka shafa ba laifinta ba ne, girmanta ne. Ka tuna komai an rage shi sau 24, to tsakuwa mai milimita 1 a jikin motarka daidai take da dutse mai kusan santimita biyu da rabi a jikin ta gaske. Ka shanya jar ƙasar ta bushe ƙayau, ka daka, ka tankaɗe ta cikin tsohuwar safa har ta zama kamar hoda. Ko ka sayi allin zane mai launi, ja da ruwan ƙasa da rawaya, ka goga a sanfefa ka tara garin. Da busasshen burushi mai laushi za ka ɗinga ɗiba kaɗan-kaɗan, daga ƙasa zuwa sama. In ka ga kamar bai isa ba, to ya isa, ka ajiye sai gobe ka sake dubawa da hasken rana.

Amma kafin nan sai ka kashe ƙyallin. Hoda ba ta kama fenti mai santsi. Akwai banish na feshi marar ƙyalli, ka rufe gilasai da tef, ka fesa sama-sama daga nesa kamar santimita 30, sau biyu ko uku. Kada ka matso kusa ko ka cika, wasu fentin gwangwanin suna cin roba ta yi tamoji. Fetur da tina ma kada su taɓa ta. Kuma a lokacin hunturu ka fesa a cikin ɗaki da taga a buɗe, ka kife kwali a kai nan take, in ba haka ba ƙurar iska za ta manne maka inda ba ka so.

Ɓamɓarewar fenti da gishiri ake yi. Ka fara shafa ruwan ƙasa mai duhu a wurin, misali bamba ko gefen matakala, ya bushe. Ka ɗan jiƙa da ruwa, ka barbaɗa gishiri, shi ma ya bushe, sai ka fesa shuɗin a kai. Bayan ya bushe ka goge gishirin da tsohon burushin haƙori, za ka ga tabo-tabo kamar na gaske. Sheƙin ƙarfen da Baba ya faɗa kuwa fensir ne kawai, ka goga bakinsa a hannun ƙofa da tsakiyar matakala. Zirin gas, baƙin fenti ka tsinka sosai ka ja layi ɗaya siriri, in ya bushe ka bi shi da ɗigon banish mai ƙyalli don ya yi kamar jiƙe yake.

Gilashin da ya yi fari, tururin sufa gulu ne ya kwanta a kai. Ka gwada goge shi da man goge baki a tsumma mai laushi, a hankali, wani lokaci yana rage shi. Nan gaba da farin gam na kafinta za ka manna gilashi, yana bushewa garau. Tunda dai ƙura za ka sa masa, ka yanka tef siffar inda abin share gilashi ke bi, ka manna, ka yi ƙurarka, ka ɓare.

Tsatsa kuma, soson ƙarfe irin mai yin tsatsa ka jiƙa a ruwan khal kwana uku ko huɗu, ka bar shi ya bushe, ka samu garin tsatsa na gaske.

Malamar Zane:

Ni a kan tsatsar nan nake da ja. Hotunan da ake gani a intanet yawanci na ƙasashen sanyi ne, inda ake barbaɗa gishiri a titi saboda ƙanƙara, shi ya sa motocinsu ke ruɓewa daga ƙasa. Motar da ke kwana a Kabi rana ce da ƙura ke cinta. Ƙanena, ka sa tsatsa a kan noti, da wurin walda, da inda bodi ya taɓa bugewa, ka tsaya nan. Ka fi ba koɗewar fenti ƙarfi: ɗigon fari a cikin shuɗinka, a rufi da saman ƙofofi.

Tampol kuma takardar tishu ce, ka jiƙa ta da farin gam da aka tsinka da ruwa, ka yafa a kan lodin, ka ɗaure da zaren ɗinki tun tana ɗanye. In ta bushe tana riƙe lanƙwasarta. Albasa kuwa jar dawa ce girmanta daidai. Ka shafe ƙwayoyin da banish, in ba haka ba ƙwari za su yi maka sauke lodi. Sandunan askirim ɗin ka jiƙa su da shayi mai kauri, farin katakon zai tsufa.

Ɗan Mai Albasa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sati biyu ke nan ina bin abin da kuka faɗa. Safar ta yi aiki, ƙurar ta kwanta kamar ta hanyar Kwantagora. Gishirin karon farko ya yi yawa a bamba, na sake fenti na rage. Gilashin bai koma yadda yake ba, amma ƙura ta rufe gefen da ya fi lalacewa. Malama, na bi shawararki, tsatsa a wuri huɗu kawai na sa.

Baba Direba, na tambayi Inna. Ta ce “Haƙuri maganin zaman duniya” ne a bayan bodin, da jan fenti, kuma harafin ƙarshe ya goge tun lokacin da wata mota ta goga masa a Ilori. Na rubuta shi da bakin tsinke, na bar harafin a goge. Da na kai mata ta daɗe tana juya motar a hannu, sannan ta ce butar Baba koriya ce, ba shuɗiya ba, kuma a gefen yaro yake rataye ta. Yau da dare zan canza.

Saura tambaya ɗaya ga Mai Fenti: tayoyin roba ne mai laushi, hodar tana zubewa in na taɓa. Banish ɗin zai zauna a kansu, ko akwai abin da ake fara yi musu?