Baba: jiri, hawan jinin ido, yanzu kuma tsakuwar ƙoda. Ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ne, shekararsa 67, a Tudun Wadar Zariya muke. Bara aka ce yana da hawan jinin ido, idon hagu ma ya riga ya tafi. Aka ba shi maganin ɗigawa da ƙwayar Diamox ta sati biyu. Lokacin Yaya Babba yana Legas, ni na kai shi, ga goyo, ga surukata kwance, abubuwa dai sun haɗe mini. Da ƙwayar ta ƙare Baba ya ce ita ce ke sauke masa nauyin ido, sai muka ci gaba da saye a kemis. Wata takwas ke nan. Daren Talata ya dinga murƙususu yana riƙe da kwiɓi, fitsari da jini. Hoto ya nuna tsakuwa milimita 6. Ga jiri: in ya juya a gado ko ya ɗago daga sujada sai ɗaki ya juya masa. Yatsunsa kuma kamar kiyashi na bi. Ta ina zan fara?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Ruwan rijiya ne, Hajiya. A ba shi lemon tsami da ruwan ɗumi kullum da safe.

Malamin Samaru: Ƙanwata, ki fara duba ƙwayar nan. Wani likitan ido a Amurka, Bernard Becker, shi ya nuna a 1954 cewa tana sauke matsin ruwan ido, kuma ta ceci idanu da yawa. Amma aikinta bai tsaya a ido ba. Tana sauya fitsari, ta rage sinadarin da ke hana kalsiyam dunƙulewa, sai tsakuwa ta samu wurin zama. Kiyashin yatsun nan ma aikinta ne. Shi ya sa Thomas Maren, wanda ya yi aiki a kanta tun farko, ya ɗauki shekaru yana neman irinta da za a ɗiga a ido kawai, har aka samu dorzolamide a shekarun 1990. Kada ku yanke ta da kanku. Ku kai shi wurin likitan ido cikin satin nan ya canza masa.

Maman Ilham: Malam, ba da gangan muka yi ba. Na ɗigawar ya yi tsada, kuma babu wanda ya ce mana a daina.

Inna Kwangila: Haka suke! Maigidana sau huɗu muna zuwa wani asibiti tun asuba, sai a ce likita ya shiga tiyata. Har ya rasu ba a gaya mana sunan ciwon ba. Allah ya isa.

Malamin Samaru: Allah ya jiƙansa, Inna. Jirin kuwa, ƙwayar kan kawo shi, amma wanda ke zuwa da juyi a gado ya wuce cikin minti ɗaya, yawanci daga kunne ne. Akwai 'yan ƙananan tsakuwoyi a can ciki da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina sama ina ƙasa. In suka ɓalle suka faɗa inda bai kamata ba, sai duniya ta juya, idon ma ya dinga rawa. John Epley ya wallafa hanyar mayar da su a 1992, juya kai ne mataki-mataki, ba allura ba ƙwaya. Likitan kunne a asibitin koyarwa na Shika zai duba.

Abu Sadiq: Ni dai lemon tsami ya fitar wa ƙanena tsakuwar ƙodarsa.

Malamin Samaru: 'Yar ƙasa da milimita 5 takan fita da kanta. Ta 6 sai an sa ido. Ya sha ruwa sosai, zafin Zariya ba wasa ba. In zazzaɓi ya shigo ko fitsari ya tsaya, asibiti a daren.

Ummu Khairat: Ku wuce Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna kawai. Kuma a auna jininsa, jirin tsofaffi wani lokaci matsalar hawan jini ce.

Maman Ilham: Jininsa lafiya. Kaduna kuma sai Yaya ya yarda, shi ke biya, ya ce a jira ƙarshen wata. Ido ɗaya ya rage wa Baba, yau ma da asuba ya sha ƙwayar, ban iya hana shi ba.

Malamin Samaru: Ki ba ni minti biyar da Yayan naki a waya.

Maman Ilham: Ba ya son a sa baki a harkar gida, Malam. Bari dai in ga yadda Baba zai kwana.