Hoton Kaka Saje: ya je Bama ko bai je ba?

An tsinci hoton ne a adakar marigayiya Inna a Argungu, aka tura shi zauren WhatsApp na dangi. Baman da ake magana ƙasar Burma ce ta nahiyar Asiya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Kawu: Ku duba kakanku. Jar dara a ka, gajeren wando mai guga, naɗi daga idon sawu har gwiwa, igiya uku a hannu. Wanga shi ne hoton yaƙin Bama da muke ba ku labari kuna ganin kamar tatsuniya.

Auta: Allah ya jiƙan maza. Amma Kawu, a gafarce ni, hoton ya nuna soja ne, bai nuna Bama ba. Jar dara kayan fareti ce ta Rundunar Afirka ta Yamma, wadda Turawa ke taƙaitawa RWAFF. A dajin Bama koren kaki suka sa da malafa mai faɗin baki. Wa zai shiga daji da jar hula Japanawa na kallo?

Kawu: Kai yaro, mi ka sani? Ni na zauna gabanai yana faɗin yadda suka kwashe makonni cikin jirgin ruwa kafin su sauka Indiya, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shiga takalmi. Duk ƙarya ya shirya mana?

Auta: Subhanallahi, ban ce haka ba. Cewa na yi wannan hoton ba shi ne shaidar ba. Ana iya ɗaukarsa a Zariya ko Kaduna kafin tafiya, har ma bayan dawowa.

Yaya Babba: Ni ma dai na taɓa jin wai ɗan doka ne na En'e, daga baya mutane suka riƙa ce masa Saje.

Gwaggo: A'uzubillahi! Wa ya faɗa maka? Aikin gadi ya yi bayan ya dawo, shi ke nan. Kar na sake jin wagga magana.

Auta: Yaya, hoton ya wanke shi daga wannan. Ku ja shi da yatsa ku dubi gaban hular. Akwai ƙarfe mai siffar bishiyar dabino, tambarin RWAFF ke nan. Soja ne, babu ja. Abin da ya rage shi ne wane yaƙi. Sojan Najeriya sun je Kamaru a 1914, sun je gabashin Afirka a 1940 zuwa 1941, inda suka bi ta Mogadishu suka shiga Habasha, sannan aka kwashe su zuwa Indiya da Bama daga 1943. Ga kuma yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. A gidaje da yawa duk tsohon da ya sa kaki sai a ce ɗan Bama ne.

Kawu: Lokacin basasa yana gida yana noman shinkafa a fadama, ni nike kai mishi hura.

Yaya Babba: To an cire wannan. Kamaru ma shekarunsa ba su kai ba. Saura Habasha da Bama. Ta ina za a raba?

Auta: Ta kafaɗa. Runduna biyu aka kai Bama daga Afirka ta Yamma. Ta 81 tambarinta baƙin gizo a kan rawaya, su suka yi kwarin Kaladan a 1944. Ta 82 tambarinta mashi biyu gicciye a kan gammo, su suka bi yankin Arakan, kuma rundunonin biyu sun haɗu wajen karɓe garin Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyi uku na Najeriya da aka ba Janar Wingate na Birtaniya cikin rundunarsa ta musamman, 'yan Chindit, shi ya sa barikin Zariya ke da wannan suna. A hotonmu Kaka ya fuskanto mai hoto sosai, kafaɗar ba ta fito ba. Ƙirjin kuma babu lambar yabo ko ɗaya, abin da ya sa nake zaton kafin tafiya aka ɗauka.

Gwaggo: Tsaya. Gammo ka ce? Akwai wani ƙyalle ɗan tafin hannu da Inna ke ajiyewa cikin gwangwanin turare tare da zobenta. Muna yara mun ɗauka laya ce. Da zanen mashi a jiki, ina iya tunawa.

Kawu: Allahu akbar. To Auta, sai ka yi shiru.

Auta: In ƙyallen ya fito, na yarda yana cikin ta 82, ni zan fara yi wa Kawu barka. Sai dai gammon nan ba ado ba ne. Dajin babu hanyar mota, saboda haka rundunar ta tafi da sojoji masu dakon harsashi da abinci a ka. Ƙyallen ba zai faɗa mana ko bindiga ya riƙe ko kaya ya ɗauka ba.

Kawu: Ubana mai igiya uku kake kira ɗan dako?

Yaya Babba: Kawu a yi haƙuri, bakin yaro ne. Kuma ko masu dakon ai suna da sajansu, harsashi bai tambaye su aikinsu ba. Ni abin da nake so a nemo shi ne takardar sallama, don ita ke ɗauke da lambarsa ta soja da bataliya. Ba lamba, ko an je gidan adana takardun tarihi na Kaduna wahala za a sha. Turawa kan rubuta mutum da sunan garinsu, wane Argungu, wane Sakkwato, kuma masu suna ɗaya ba su ƙirguwa.

Auta: A duba har da tauraron Bama, lambar yabon da aka ba waɗanda suka yi yaƙin. Tagulla ce mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe shuɗi da ruwan lemo. Na gabashin Afirka daban yake, ƙyallensa ruwan ƙasa ne da jan layi. Kuma don Allah wanda hoton ke hannunsa ya ɗauko mana bayansa, ko da hatimin mai hoto. Kar a goge shi da ruwa, kar a kai a manne shi da leda.

Gwaggo: Bayan hoton akwai rubutun ajami da fensir, ya dushe. Sai an kai wa Liman ya duba.

Kawu: Gwangwanin turaren yana ina yanzu?

Gwaggo: Ranar rabon kaya ya tafi Birnin Kabi cikin kason 'yar ƙanwarku. Ta kuwa fita daga zauren nan tun rigimar gona.

Yaya Babba: To wa zai kira ta?

Kawu: Auta, tunda shi ya tayar da zancen.