Akiyoloji: da wace kalma za mu nemi kuɗin mutane?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya ce ta tsayar mana da aiki tun jiya, ina neman ku sa baki.

Mu 'yan garinmu da ke zaune nan Agege mun shirya karo-karo don gyara ɗakin da ake ajiye tsoffin kayan da aka ciro daga ƙasa a gidan tarihin jiharmu. Da ƙaramar sallah na je can da 'yata. Ƙwan lantarki ɗaya ke ci a ɗakin, takardun bayanin da aka manna wa gilashi sun koɗe. Ta tsaya gaban wata fasasshiyar tukunya ta ce, "Baba, me ya sa aka sa shara a akwati?" Har yau maganar na ci mini rai. So muke a sa fitilu, a sake akwatuna, a rubuta bayani da Hausa. Mai buga takarda yana jiranmu, amma a saman takardar an rubuta akiyoloji, kalmar Turanci ta ilimin binciken rayuwar mutanen dā ta kayan da suka bari a ƙasa. Ba zan shiga kasuwar Mile 12 in ce wa masu albasa da tumatur su kawo kuɗin akiyoloji ba.

Wani ƙani daga Obalende: Yaya, ai "tonon kayan tarihi" ya isa. Kowa zai gane.

Ƙanina, da ita na fara, sai na ji tsoronta. Ka tuna abin da tono ya yi wa kayan Nok, tsoffin mutum-mutumin yumɓu da aka samu a yankin ƙauyen Nok. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928, a kudancin Kaduna ta yau. A shekarun 1990 kuwa mutane suka bazama haƙa don sayarwa, kawunan yumɓu suka yi ta ficewa ƙasashen waje. Mai irin wannan tonon kai kawai yake so. Shi kuwa masani yana son sanin zurfin da abin yake, da gawayin da ke gefensa, domin da gawayin ake auna shekaru. In muka ce tono, mun sa su biyun a kwando ɗaya.

Wata malama daga Idi-Araba: A rediyo nakan ji "ilimin kimiyyar kayan tarihi".

Malama, na gode. Ta yi tsawo, kuma bakinta ya yi faɗi. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki a 1976 tana gidan tarihi na Onikan, nan Legas. Kayan tarihi ce babu shakka, amma ba daga ƙasa aka ciro ta ba.

Wani dattijo daga Alaba Rago: Ɗana, kuna ta kewaye alhali kalmar na hannunku. Kufai. Muna yara, gonar mahaifina a kan kufai take. In ruwa ya ɗauke sai ka ga tsingaro ya fito fili, ga dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya don tsabar aiki, ga ramukan marina sun cike da ƙasa, ga kukoki a jere inda babu gida ko ɗaya. Ba wanda ya gaya mana, amma mun san mutane sun zauna nan, sun yi rini, sun yi tuwo. Wannan karatun ba shi ne waɗannan masanan ke yi ba? Ku ce ilimin kufai.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina karantawa na ga tukunyar nan ta sake ma'ana. Wannan kalmar tana kai hankali ga wurin da mutanensa, abin da nake so 'yata ta gani ke nan.

Ƙanin Obalende ya dawo: To kwalekwalen Dufuna fa? Wani makiyayi ne ya same shi yana haƙa rijiya a 1987, a yankin da yake jihar Yobe yanzu. Ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8. Ai ba a kangon gari yake ba.

Gaskiyarka, kuma na juya ta sosai kafin in amsa. Amma wani ne ya sare itacen, ya fafe cikinsa, ya tuƙa shi a ruwa, sannan ya bar shi. Duk inda ɗan Adam ya yi rayuwa ya tashi ya bar sawu, a ganina kufai ya ɗauke shi. Gara kalmar da za mu ɗan buɗa mata ƙofa da wadda sai an yi wa kowa fassara.

Na tsaya a nan: ilimin kufai, mai yin sa masanin kufai. Ɗakin da ake cewa galari kuma zaure za mu ce, tunda nan ake tarbar baƙo. Malama ta ce "gidauniya" ta fi "karo-karo" dacewa da takarda, na yarda da ita.

Abin da zan tura wa mai bugawa bayan la'asar: Gidauniyar Gyaran Zauren Kayan Kufai. Wanda ya ga gyara ya yi magana kafin lokacin.