Abin da jadawalin farashi ya nuna mana lokacin da dala ta haura ta sauko a 2024

Mai buɗe zance, daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda yake nazarin jadawalin farashi, kuma yana da kuɗi a kasuwa tsakanin Fabrairu da Afrilun 2024, ya faɗa mana abin da ya gani da abin da ya aikata. Zan fara da nawa. Tun Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji ya saki naira, nake rubuta farashin dala na kasuwar canji ta Wapa kowace yamma, ina zana shi, ina fitar da matsakaicin kwana 20 da na kwana 50. A Fabrairu dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, layukan nan biyu kuma suna fuskantar sama, sai na ɗebi kuɗin da na ware don odar kayan shago na sayi dala a wajen 1,800. Ma'aunin RSI, wanda ke auna ƙarfin hawa da saukar farashi daga 0 zuwa 100, ya daɗe a saman 70, alamar cewa saye ya wuce kima, amma na kau da kai, domin tun Janairu yake nuna hakan farashi bai sauko ba. Bayan ƙaramar salla dala ta dawo kusan 1,100. Asarar ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau ina tambayar kaina ko jadawalin ne ya gaza ko ni ne na zaɓi layin da ya dace da son raina.

Tsohon ɗan canji, daga Zone 4 a Abuja:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri. A ganina ka nemi amsa a wurin da ba ta nan. Abin da ya juya kasuwar takardu ne da suka riƙa fitowa daga Babban Banki ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen Janairu an umarci bankuna su sayar da rarar dalar da suka tara, a Fabrairu aka koma ba 'yan canji dala kai tsaye, sannan aka ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 cikin ɗari a zama guda. A farkon Maris aka soke lasisin kamfanonin canji fiye da 4,000, Binance kuma, wato dandalin cinikin kuɗin kirifto, ta daina hulɗa da naira, alhali farashinta ne matasa da yawa suke dubawa kafin su zo wurinmu. Babu layin da zai sanar da kai ranar da za a sa hannu a irin waɗannan takardu. Abin da na lura da shi a bakin shago shi ne masu neman dala sun fara raguwa kwanaki kaɗan kafin farashi ya karye, masu kawowa kuma suka daina jan ciniki. Jadawalinka farashi kawai yake ɗauke da shi, ba ya nuna yawan kuɗin da ya canja hannu, domin kasuwarmu ba ta da wanda ke tattara wannan lissafi.

Mai hannun jari, daga Kaduna:

Alhaji ya faɗi gaskiya game da canji, amma a kasuwar hannayen jari ta Legas lamarin ya ɗan bambanta, saboda ana wallafa yawan hannayen da aka yi ciniki kowace rana. Ni kamfanonin da ke cikin ma'aunin NGX Lotus Islamic, wato jerin kamfanonin da suka dace da shari'ar Musulunci, kawai nake saya, don kauce wa riba irin ta bankuna. A Janairun 2024 babban ma'aunin kasuwar ya haye maki 100,000 karon farko, kowa yana murna, sai na duba na ga kamfanoni ƙalilan ne masu nauyi, irin su Dangote Cement, suke jan sauran. A ɗaya daga cikin hannayen da nake riƙe da su farashi yana ƙara hawa amma yawan ciniki yana raguwa. Na sanya wa kaina iyaka cewa duk ranar da ya rufe a ƙasan matsakaicin kwana 50 zan sayar da rabi, kuma da hakan ta faru na kira dillalina ban yi shawara da kowa ba. Daga baya na fahimci dalili, cewa ƙarin kuɗin ruwa ya janye manyan masu zuba jari zuwa takardun lamunin gwamnati. Jadawalin bai gaya mini dalilin ba, sawun fitarsu kawai ya nuna mini. Wani abu da ya kamata sababbin shiga su sani shi ne hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana, don haka idan kowa yana son fita, mutum zai iya yin kwanaki yana layi babu mai saya.

Ɗan kasuwa, daga Maraɗi:

Hajiya, na ƙaru da bayaninki. Mu a nan sefa ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, saboda haka wanda ya zana sefa da naira motsin naira yake zanawa, sai ɗan abin da yuro ta yi da dalar Amurka. Lokacin da naira ta faɗi, jikar sefa ɗaya tana sayo kaya masu yawa a Kano, amma iyakar Nijar da Najeriya tana rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma kafin a buɗe ta a Maris naira ta fara farfaɗowa. Na riƙe nairar da na canja a Fabrairu saboda rashin hanyar kai ta kasuwa, sai ta yi daraja a hannuna. Na gwada nazarin hannayen jari na kasuwar BRVM da ke Abijan, amma wasu kamfanonin cinikinsu kaɗan ne ƙwarai a rana, har zanen ya zama ba ya karantuwa.

Mai buɗe zance:

Na gode muku duka. Na koma littafina na duba, dala ta rufe a ƙasan matsakaicin kwana 20 tun tana sama da 1,600, kuma na rubuta adadin da hannuna a ranar amma ban sayar ba. Hajiya, ina so ki bayyana mana yadda kike zaɓar wurin da kike sanya iyakar sayarwa, da kuma lokacin da kike komawa ki saya, domin zuwa watan Mayu dala ta sake haurawa wajen 1,500, ni kuwa na riga na sayar da tawa a Afrilu.