Neman shawara: wane laburare ya dace da tantance adireshin IP a Express?

Sabon Maƙeri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shafi a kan Node.js da Express (kayan gina shafi da JavaScript), Nginx (manhajar da ke karɓar buƙatun baƙi ta miƙa wa Express) na gabansa a sabar guda, Cloudflare (kamfanin da ke tace zirga-zirgar shafi) kuma na gaban Nginx. Abu uku nake so: sashen masu gudanarwa ya buɗe daga ofis kaɗai (mu ce zangon 203.0.113.0/24, wato adireshi daga 203.0.113.0 zuwa 203.0.113.255, misali ne), a taƙaita yawan gwada kalmar sirri, sannan abokan hulɗa su iya saka adireshin shafin da sabar za ta riƙa tura musu sanarwa. Yanzu `startsWith` nake amfani da shi wajen kwatanta adireshi, kuma `req.ip` na nuna `::ffff:127.0.0.1` ga duk wanda ya shigo. Na ga laburare uku, `ip` da `netmask` da `ipaddr.js`, a npm (ma'ajiyar laburaren Node.js). Wanne zan ɗauka?

Injiniyan Sadarwa:
Wa'alaikumus salam. Malam, kafin zancen laburare a gyara inda adireshin ke fitowa, don duk ingancin laburare ba zai gyara adireshin da ba daidai ba. Abin da kake gani adireshin Nginx ne, shi ne ke magana da Express kai tsaye.

A Nginx, ka jera kowane zangon da Cloudflare ta wallafa a shafinta da `set_real_ip_from`, na IPv4 da na IPv6 duka (tsohon tsarin adireshi da sabo), ka sa `real_ip_header CF-Connecting-IP`. Wajen miƙa buƙata ga Express ka rubuta `proxy_set_header X-Forwarded-For $remote_addr`, wato a goge abin da baƙo ya zo da shi, a sa na gaskiya. A Express kuma `app.set('trust proxy', 'loopback')`.

Don Allah kada ka sa `true` a nan. Da `true`, Express na ɗaukar adireshin farko daga hagu a X-Forwarded-For, wanda kowa zai iya rubutawa da hannunsa. Mutum ya saka adireshin ofishinku a ciki, ƙofar masu gudanarwa ta buɗe masa. Ka kuma rufe ƙofofin sadarwa (ports) masu lamba 80 da 443 na sabar ga kowa sai zangunan Cloudflare, in ba haka ba wanda ya gano ainihin adireshin sabar zai zagaye komai.

Mai Kula da Tsaro:
Cikin ukun, `ipaddr.js` zan zaɓa. Ko yanzu yana cikin aikinka, tunda `proxy-addr` da Express ke dogara da shi a kansa yake tafiya. Sauran biyun kowanne an taɓa samun ɓaraka a daidai wurin da kake buƙatarsu. A 2021 aka gano `netmask` na karanta `0177.0.0.1` a matsayin 177.0.0.1, alhali tsarin kwamfuta na ɗaukar lamba mai sifili a gaba a lissafin takwas-takwas, wato 127.0.0.1, sabar kanta. An toshe wannan a sigogin da suka biyo baya. Shi kuma `ip`, ɓarakar CVE-2023-42282 ta nuna `isPublic` na cewa `0x7f.1` adireshin waje ne, alhali shi ma 127.0.0.1 ne.

Dalilin duka ɗaya ne, shi ne kuma zai ci `startsWith` ɗinka: adireshi lamba ce mai rubutu iri-iri. `2001:db8::1` da `2001:0DB8:0:0:0:0:0:1` abu guda ne. Zango irin /20 mai adireshi 4,096 ma ba ya tsayawa a kan ɗigo, ba yadda za a gane shi ta farkon rubutu. Abin yi shi ne `ipaddr.process(req.ip)`, wanda ke cire rigar `::ffff:` ya dawo da IPv4 tsantsa, sai `match(ipaddr.parseCIDR('203.0.113.0/24'))`. A kula, `match` na jefa kuskure idan aka haɗa IPv6 da zangon IPv4, sai a fara duba `kind()`, kuma duk kuskure ya zama ƙin shiga.

Buƙatarka ta uku ce ta fi haɗari. Idan wani ya saka 169.254.169.254, sabar da ke AWS za ta je ta tambayi bayanan sirrinta. Ka wuce da adireshin ta `new URL()`, ka nemo duk adireshin da sunan ke nunawa da `dns.lookup` da `all: true`, ka karɓa kawai idan `range()` na kowanne ya ce `unicast`. Jera waɗanda aka hana ba ya isa, kullum sai an manta ɗaya. Sannan a haɗa da adireshin da aka tantance ɗin nan, kar a sake tambayar DNS (tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi), domin mai sunan na iya sauya amsa tsakanin dubawa da haɗawa. A kashe bin turawa zuwa wani shafi, ko a sake tantance kowane mataki.

Hajiya Rumbun Bayanai:
Ɗan'uwa, kan taƙaita gwaji: kada ka dogara da adireshi shi kaɗai. Kamfanonin waya kan tara ɗimbin masu layi a bayan adireshin IPv4 guda, tsarin da aka ware wa zangon 100.64.0.0/10 a 2012. In masu shiga shafinka ta waya suke hawa intanet, toshe adireshi bayan gwaji 5 zai kori bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ka sa ƙaramar iyaka a kan asusu, babba a kan adireshi. A IPv6 kuwa akasin haka ne: yawanci mutum ɗaya na da zangon /64 guda, yana iya sauya adireshi a kowace buƙata, don haka a ƙirga da bit 64 na farko na adireshin.

Wajen ajiya, PostgreSQL na da nau'in `inet`, da `<<=` za ka tambayi ko adireshi na cikin zango. A MySQL `VARBINARY(16)` da `INET6_ATON`. In dole sai rubutu, fili ya kai haruffa 45, `VARCHAR(15)` zai datse IPv6.

Sabon Maƙeri:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya: akwai wani ɓangaren aikin da ke Python, can ma sai na nemo laburare?

Mai Kula da Tsaro:
A'a, `ipaddress` na zuwa tare da Python tun siga 3.3. `ip_address(x) in ip_network('203.0.113.0/24')` ya wadatar, `is_global` kuma na raba na waje da na ciki. Ka dai tabbata sigarka ba ta ƙasa da 3.9.5, daga nan aka daina karɓar sifili a gaban lamba. `ipaddress` ba ya cire `::ffff:` da kansa, sai ka duba `ipv4_mapped`, in akwai ka yi kwatancen da shi.