Musayar Waƙa: Ina Mafarin Ƙorama?

Mai Alƙalami: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambaya cikin ƙwar biyu. Amsa-amon "ma" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Masana ku zo ku warware mini wannan,
A ina take farawa, 'yar ƙorama?
Ni dai marmaro na gani a gindin dutse,
Nan ruwa ya tsattsafo, nan ne ya soma.

Inna Mai Baiti:

Ɗana, marmaro ai ƙofa ce kawai,
Ɗaga kai ka dubi tudun da ke can sama.
Ruwan da ya sauka a doron tudun nan,
Biyu zai rabu, wani hagu wani dama.
Na wannan gangaren shi ne rabonta,
Na bayan tudu, ga wani rafin ya koma.
Duk ƙasar da ke zubo mata, gona da daji,
Ita ce jikinta, da ita take girma.

Ɗan Tudu:

Inna na ji, amma da sauran magana,
Rani ya yi nisa, an daɗe da gama noma.
Wata da watanni ba ko ɗigo ɗaya,
Wa ke ba ta ruwan da take gudu kuma?

Inna Mai Baiti:

Ƙasa ce ta sha tun lokacin damina,
Ruwa ya bi saiwa, ya nutse ya yi zama.
Yana tsiyaya cikin yashi da tsakuwa,
Sannu a hankali, ba gaggawa ba fama.
In ya iske dutse ko yumɓu ya tare shi,
Sai ya bi gefe ya ɓullo a fadama.

Tsohon Manomi: Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ku ba ni wuri in sa baki.

Ku je inda ta lanƙwasa ta yi gwiwa,
Gaɓar waje take ci, kullum tana rama.
Ta ciki kuwa yashi take tara mata,
A nan ta ci hagu, can gaba ta ci dama.
Abin da ke cin raina sarar itace ne,
Tudu ya yi tsirara, ba inuwa ba lema.
Ƙasa ta daskare, ba ta shan ruwan kirki,
Ya kwararo ja wur, lokaci ɗaya ya gama.
Ya yanka kwazazzabo, ya kwashe taki,
Na gangare su sha ambaliya su yi tsuma.
Kafin tsakar rani kwarin ya bushe ƙaf,
Dabba ta zo sha, da ƙishinta ta koma.

Ɗan Tudu:

Baba, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi,
Ga masu haƙar yashi, su ma sun kama.
Kwari ya ƙara zurfi, gaɓa tana zubewa,
Ruwan rijiyoyin kusa ya ja baya shi ma.
Inna, in an dasa ciyawa an jera duwatsu,
Damina nawa za a yi kafin ta dawo kuma?